Ƙarar da Kowa Ya Ji a Motar Buba

Akwai wata magana da aka daɗe ana yi a kaina a dangin mahaifiyarku. Na san ta shiga kunnuwanku tun kuna ƙanana, ko da yake babu wanda ya taɓa tarata da ita a cikinku. Wai ni butulu ne. Wai mutumin da ya ɗauko ni daga Ɗansoshiya ina ɗan ƙauye, ya koya mini kanikanci, ya ɗauki 'yarsa ya ba ni, shi na tozarta ranar kasuwa a gaban jama'a don in janye masa masu kawo gyara. Na yi shekaru ina haɗiye wannan magana. A bikin ƙanwarku Rabi ne abin ya ishe ni, da na ji ɗan Kawunku Tasi'u, wanda ko cikinsa ba a yi ba a lokacin, ya tara abokan ango yana ba su labarin yana ƙyalƙyala dariya, sai ka ce a gabansa aka yi. Ranar na ce to, an daɗe ana faɗin nasu, bari ni ma in faɗi nawa, ku Nura da Aminu ku karanta ku auna da hankalinku.

Kakanku, wanda har yau bakina bai iya kama sunansa ba, Baba nake ce masa kamar yadda mahaifiyarku take faɗi. Garejinsa yana bakin titi a Tudun Wada, ƙarƙashin wasu bishiyoyin mangwaro, kuma a zamaninsa daga Bebeji har Riruwai babu bakaniken da ya kama ƙafarsa wajen gane ciwon mota. Wasu sun fi shi kayan aiki, wasu sun fi shi ƙarfi, amma kunne nasa ne. Direba zai zo yana ta bayani da hannu da ƙafa, Baba ya ce masa ya yi shiru ya tayar da motar. Zai shiga gaba ya rufe ido, ya ce a tafi, a sha kwana hagu, a sha dama. Kafin a dawo ya riga ya gama aikin a kansa, mu namu kawai kwancewa da ɗaurewa. Direbobi har daga Saminaka suke wuce garejoji su zo wajensa, suna cewa a kai ta wajen mai kunne.

Shi ya koya mini bambance ƙarar da mota take yi in ta sha kwana, kuma da ranƙwashi ya koya mini, don haka ban manta ba. In ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka ba ta wuta ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, wannan shaf ne, ƙarfen da yake juya tayar gaba. Robarsa ce ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga yana cin kansa. In sitiyarin ne yake wasa a hannunka kafin taya ta amsa, ka duba tayarod, sandar da take haɗa sitiyari da taya. Amma in ka ji ƙwam guda ɗaya mai nauyi daga ƙasa, daidai lokacin da motar ta kwanta a kwana ko ta faɗa rami, to boljon ne, wato dunƙulen ƙarfen nan da yake zaune cikin ƙoƙonsa yana riƙe da ƙafar mota. Baba yakan ce shaf in ya mutu mota tsayawa kawai za ta yi, a sauka a tura. Boljon kuwa in ya fice, tayar ce za ta kwanta ta shige ƙarƙashin mota, kuma ba ya zaɓar wuri, a kan gudu yake yi. Ya sha gaya mana cewa duk bakaniken da ya ji wannan ƙwam ɗin ya bar mota ta fita daga garejinsa, alhakin mutanen ciki yana wuyansa.

To kunnen nan ne ya fara mutuwa. A hankali abin ya zo. Rediyonsa da a da yake kunnawa ƙasa-ƙasa ya koma ana jinsa daga tsallaken titi. A kira salla a masallacin da ke bayanmu, sai ya ga mun nufi buta sannan ya tashi. Ka ce masa ina gajiya, ya ce maka iyali lafiya lau. Kowa ya gane. Matarsa ta gane, yaran gareji sun gane, Tasi'u babban ɗansa ya fi kowa ganewa. Amma wa zai faɗa? Ɗa ba ya duban idon ubansa ya ce masa ka kurmance. Yaran gareji ba su isa ba. Ni kuwa suruki ne, ko gaishe shi zan yi sai na tuɓe takalmi na durƙusa daga nesa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba tun da aka ɗaura aure.

Tasi'u ne ya kawo dabarar da muka zauna a kanta. Ya ce sunan Baba shi ne garejin, ranar da direbobi suka ji mai kunne ba ya ji, ranar za mu tashi. Saboda haka Baba zai ci gaba da shiga mota yana rufe ido yana faɗin abin da ya ga dama, mu ce to. In ya tafi salla ko ya kishingiɗa, ni in sake gwada motar in gyara ainihin abin da ya lalace. In ya dawo a kunna masa, ya gyaɗa kai, direba ya tafi yana yabon kunnen tsoho. Ni kaina na yarda da wannan a lokacin, don motocin suna fita lafiya, kuma mutuncin dattijo yana nan. Wanda yake yin aikin a ɓoye ni ne, wanda yake karɓar gaisuwar direbobi a kan benci Tasi'u ne, wanda tun da nake ban taɓa ganin baƙin mai a ƙarƙashin farcensa ba.

Shekarar da aka haife ka, Nura, ƙarshen damina, ranar kasuwar Tudun Wada, aka zo da safe aka ɗauke ni zuwa wata gona inda injin casa ya ƙi tashi. Ban dawo ba sai bayan la'asar. Ina isowa na tarar da motar Buba a gareji an sauke ta daga jak, Baba yana wanke hannu da fetur, fuskar nan tasa cike da fara'a. Buba Bafulatani ne na wajen Doguwa, ya sayar da wasu shanunsa ya sayi tsohuwar mota wagon, mai dogon baya. Ranar kasuwa yakan kwaso matan rugage da nononsu da man shanu, da yamma ya mayar da su ta hanyar Riruwai. Wanda ya san hanyar nan ya san abin da nake nufi. Hawa ce da gangara da kwana a gefen duwatsu, damina kuma ta gama cinye bakin titin.

Buba ya kawo kukan cewa motarsa tana ƙara in ya sha kwana. Da yake ba na nan, Baba ya leƙa ƙasa ya ga robar shaf a yage, ya ce shi ne, ya kuma tuɓe riga ya canza shi da hannunsa. Aikin da ya yi mai kyau ne, shaf ɗin ma yana neman canji. Yana ganina ya yafito ni da hannu, ya ce in zo in ji aikin manya. Muka shiga, Buba yana tuƙi, Baba a gaba, ni da Tasi'u a baya. Muka gangara filin makarantar da muke gwaji, Baba ya rufe ido ya nuna hagu, Buba ya karya kan motar.

Ƙwam.

Har cikin tafin ƙafata na ji ta. Na ga kafaɗar Buba ta motsa. Na dubi Tasi'u, ya kawar da kai yana kallon taga. Aka sha dama, shiru. Aka sake shan hagu, ƙwam, ta fi ta farko. Baba ya buɗe ido yana murmushi ya juyo yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji ko? Ko motsi babu."

"Babu, Oga," in ji Buba. "Ta yi lafiya. Mi yetti, na gode."

"Ta yi, Baba," in ji Tasi'u da ƙarfi, hannunsa kuma yana mintsinin cinyata.

Wannan mintsinin har yau in na tuna shi raina ɓaci yake. Maza uku masu kunne lafiyayye a cikin mota ɗaya, kowa ya ji, kowa ya san ɗan'uwansa ya ji, amma aka haɗu ana yi wa tsoho gyaɗa kai. Buba filako ne ya hana shi, kunyar nan ta Fulani, ba zai iya ƙaryata dattijon da ya tuɓe riga ya kwanta a ƙasa dominsa ba, ya gwammace ya tafi da motar a haka ya dogara ga Allah. Tasi'u kuwa ba kunya ce ta rufe masa baki ba, garejin yake karewa.

Muna dawowa matan sun riga sun taru a bakin gareji, don sun ji motar tana nan. Kafin in yi wani tunani an fara ɗora ƙorai da buhunan dusa da gishiri a baya, mata suna shiga da goyonsu. Na ja Tasi'u gefe na ce masa boljon ne, kuma ya kai maƙura, ya san yadda zai janye Baba zuwa gida in canza. Ya ce Baba ba zai motsa ba sai ya ga tashin motar, a bari Buba ya tafi a hankali ya dawo da ita gobe. Na ce masa da wannan lodin, a waccan hanya, goben ba a hannunmu take ba. Ya ce in daina yi wa mutane mugun baki. Na koma wajen Buba na ce ya ba ni makulli in je in duba iskar taya. Ya ce rana tana faɗuwa, matan mutane ne, mazajensu suna jira, kuma ai Oga ya ce ta gyaru. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa.

Saura Baba kansa. Ku duba halin da nake ciki. In na yi masa magana ƙasa-ƙasa yadda ya kamata suruki ya yi, ba zai ji ba. In na ɗaga murya yadda zai ji, duk bakin titin nan zai ji, a ranar kasuwa, kuma in zama na yi wa surukina ihu a gaban mutane. Duk da haka na gwada. Na durƙusa kusa da bencinsa na ce, Baba, da za a ƙara duba ƙafar hagu. Ya dube ni ya ce, madalla, Allah ya yi maka albarka. Ya ɗauka yaba aikin nake yi.

Buba ya tayar da mota. Wata tsohuwa a kujerar baya tana gyara wa jikarta ɗankwali. Ban ƙara neman shawarar kowa ba. Na zura hannu ta taga na kashe motar na zare makullin na jefa a aljihu, na jawo jak na tura ƙarƙashinta, na ce wa matan su yi haƙuri su sauko. Masu shayi da masu faci da direbobin da ke jiran lodi duk suka matso. Na ɗaga ƙafar hagu, na kama tayar sama da ƙasa na girgiza, tana ta kaɗawa a hannuna kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa. Na kwance tayar, na sa ƙarfe a ƙarƙashin ƙafar na ɗan danna, ban ma sa ƙarfi ba, dunƙulen ya fice daga ƙoƙonsa. Cikin ƙoƙon babu ɗigon giris, jar ƙasa ce da tsatsa, gefensa ya cinye ya yi siriri. Wani direba ya ce innalillahi. Tsohuwar nan ta jawo jikarta jikinta.

Wallahi ban ambaci kunne ba, ban ce an yi kuskure ba, ban ko ɗaga kai na dubi inda Baba yake ba. Na aika aka karɓo sabon boljon a shagon kayan gyara, na ɗaura, na mayar da taya, na zagaya filin da ita hagu da dama har na tabbata ta yi shiru, sannan na miƙa wa Buba makullinsa. Da na juyo Baba yana tsaye. Bai san abin da mutane suke faɗi ba, bakunansu kawai yake gani suna motsi, yana ganin idanu suna zuwa kansa suna komawa kaina. Abin da ya fahimta shi ne yaronsa ya ɗaga motar da shi ya ce ta gyaru, a gaban kasuwa. Tasi'u ya matsa ya sa baki a kunnensa ya yi magana mai tsawo. Baba ya dube ni, idanunsa sun kaɗa.

"Tattara sifanunka," ya ce. "Na gode."

Kafin magariba labarin ya zagaya gari, kuma ba yadda ya faru ba. Cewa aka yi wai ni na lallaɓa na kwance ƙafar motar tun da farko, don in zo in nuna na fi maigidana. Ku da kuka tashi a gareji ku gaya mini, da wace sifana ake kwance tsatsa? Wane hannu ne yake cinye ƙoƙon ƙarfe a yini ɗaya? Kuma yaushe na yi, alhali tun safe ina gonar mutane? Duk wanda ya san mota a wurin nan ya san ƙarya ce. Direbobin da suka ce innalillahi sun sani. Buba ya sani. Amma in suka ce ba haka ba ne, dole a tambaya to me ya hana mai kunne jin ƙarar, kuma wannan ne babu mai son faɗi. Ya fi musu sauƙi a ce ɗan Ɗansoshiya maci amana ne, tunda ni baƙo ne a garin, ba ni da dangin da za su tsaya mini. Tasi'u ya ɗauki labarin yana yawo da shi majalisa majalisa, mutumin da ya mintsine ni don in bar mata da jarirai su hau hanyar Riruwai da ƙafar da ta rage saura ƙiris. Buba kuwa ya aiko mini da ƙwaryar man shanu a ɓoye ta hannun wata mata. Na mayar masa da abinsa, na ce a gaya masa ba man shanu nake buƙata ba, bakinsa nake buƙata.

Washegari kakarku ta aiko aka tafi da mahaifiyarku, kai Nura kana goye a bayanta, wai ta je ta huta. Ta fita tana kuka, don ita ta san gaskiya, ta kuma san ba za ta iya faɗinta a gidan ubanta ba. Na kwashe 'yan sifanuna na koma Kwanar Ɗangora, na sami gindin wata bishiya na zauna. Kakar nan duka ni kaɗai nake kwana a ɗakin haya, ina cin abincin sayarwa. Wani direban in ya tsaya aka gaya masa ko ni wane ne, sai ya ja motarsa ya ƙara gaba. Na sha niyyar in je tashar Tudun Wada in tsaya a tsakiya in faɗi abin da kowa ya sani. Abin da yake hana ni shi ne in na wanke kaina, tsohon zan tuɓe.

Bayan an gama shigar da amfanin gona, wata ranar da hantsi ina kwance ƙarƙashin wata mota, na ga takalman da na sani sun tsaya a gefena. Na fito da sauri na durƙusa. Baba ne, shi kaɗai, ya hau motar haya ya zo. Bai amsa gaisuwata ba. Ya nuna motar ya tambayi abin da yake damunta, na kwatanta masa da hannu cewa shaf ne. Ya ce in sauke ta mu zagaya. Ya shiga gaba, amma bai rufe ido ba. Takalmansa ya cire, ya shimfiɗa tafin ƙafarsa a ƙasan motar. Na murɗe sitiyari na ba ta wuta, ta shiga yin ƙas-ƙas-ƙas, har masu tallar rake suna waiwaye. Na saci kallonsa. Yana kallon ƙafafunsa.

"Ƙafata tana ji," ya ce. "Kunnena bai ji komai ba. Tun yaushe?"

Na amsa masa kaina a ƙasa. Ya ce bai ji ba, in faɗa da ƙarfi. Na duba, ga mutane ko'ina a bakin kwanar. Sai na ja motar na ɗauki hanyar Ɗansoshiya, na yi ta tafiya har muka bar gidaje muka shiga tsakanin gonakin da aka girbe, babu kowa sai karan dawa da wasu shanu can nesa. Na tsaya na kashe mota. A nan ne, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na sa bakina a kunnen surukina na ɗaga murya iya ƙarfina.

"Damina biyu ke nan, Baba."

"Wa da wa suka sani?"

"Kowa."

Sannan ya tambaya ko motocin da ya yi ta cewa sun gyaru ni nake bi ina gyarawa. Na gyaɗa kai. Ya tambaya ko ranar Buba, Tasi'u ya ji ƙarar. Na sake gyaɗa kai. Na ga fushi ya taso masa, na san fushinsa. Ya ce wato sun mayar da shi abin wasan yara, yana rufe ido ana kallonsa, kuma da an bar shi ya kashe matan mutane da hannunsa. Ya ce da ranar da abin ya fara wani ya gaya masa, da ya ji zafi na kwana biyu ya haƙura. Na yi tsammanin daga nan zai ce mu tafi Tudun Wada ya tara mutane ya wanke ni. Har na fara jin sanyi a raina.

"Zan ajiye aiki," ya ce. "Zan ce bayana ne ya hana ni. Matarka za ta dawo gobe. Amma ina roƙonka abu ɗaya, muddin ina numfashi kada a ji maganar kunnen nan daga bakinka. Sunan mai kunne kaɗai na tara a duniya."

Kun ji abin da aka ɗora mini. Mutumin da ya gama fushi don an ɓoye masa gaskiya, shi ne yake roƙona in ci gaba da ɓoye ta, kuma da sunana za a biya. Raina ya ɓaci, har yau kuma ban ce ya kyauta mini ba. Amma shi ya koya mini abin da nake ci da ku da shi, ga shi zaune babu takalmi yana roƙon yaronsa. Na ce masa to. Mahaifiyarku ta dawo washegari kamar yadda ya faɗa, babu wani bayani. Ya koma zaman benci yana cewa ciwon baya, direbobi suna zuwa gaishe shi, har ya rasu ana kiransa mai kunne. Garejin bai daɗe a hannun Tasi'u ba ya watse, wannan ma cewa aka yi ni na janye mutane. Bayan rasuwar Baba alƙawari ya sauka daga kaina, amma kakarku tana raye, na ce ba zan tayar mata da hankali ba. Da ita ma ta tafi sai na ga abin ya tsufa, wa zai saurara. Ashe ƙarya ba ta tsufa a wurin masu ita, gadonta ake yi, ga shi har ta kai bakin jikoki.

Ban rubuta wannan don ku je ku yi rigima da Kawunku ba. Ya tsufa, ku ci gaba da gaishe shi. Akwai dai dalili na biyu da ya sa na ɗauki biro, kuma ya fi na farko ci mini rai.

Makon jiya aka kawo wata mota garejinmu, mai ita ya ce tana ƙara a kwana. Na shiga gaba, kai Aminu kana tuƙi, Nura yana baya. Muka sha hagu, muka sha dama. Na ce ni ban ji komai ba, wataƙila kayan da ke but ne suke motsi. Kuka haɗa baki kuka ce haka ne, Baba. Amma na ga idonka a madubi, Aminu, ka dubi yayanka, shi kuma ya juya yana kallon taga. Da na dawo daga sallar la'asar na tarar an sauke motar daga jak, hannun Nura duk giris, kuka ce mini iskar taya kuka duba.

Ni za ku yi wa wannan? Ni na ƙirƙiro iskar tayar nan tun ba a yaye ɗayanku ba. Na san wannan kallon, na zauna a kujerar baya an yi shi da ni, na kuma san abin da ya jawo mini. Ba na son kawaicinku, ku riƙe abinku. Gobe in Allah ya kai mu za mu ɗauki mota mu uku mu bi hanyar Ɗansoshiya, har wurin da babu kowa. In mun tsaya, ɗayanku ya sa bakinsa a kunnena ya gaya mini tun yaushe. Ku ɗaga murya sosai, don in ji.